Godiya ga mutanen tsaunin Mambila

Alhamdulillahi. Jiya bayan La'asar muka iso gida. Ƙanena yana kwance a ɗakin Hajiya, an ɗaure ƙafar, likita ya ce ƙashin zai haɗe da yardar Allah. Ni kuwa har yanzu tafin ƙafata bai yarda da takalmi ba. Waɗanda suka kira ban ɗaga ba, ku yafe ni, barci ne ya ci ƙarfina.

Kun riga kun ji yadda ya zame a gangaren Chappal Waddi, ba sai na maimaita ba. Dutse ne mai tsawon mita 2,419, babu na biyunsa a Najeriya, ga Kamaru kana hangowa. Inda ya faɗi babu hanyar mota, babu ta babur, waya ba sabis. Abin da ya ƙi barin zuciyata shi ne lokacin da samarin ruga suka saro sanduna biyu, suka ɗaure da igiyar shanu, suka shimfiɗa bargo a kai. Ina dubawa sai na ga makara sak. Gwiwata ta yi sanyi, ko salati na kasa. Hazo ya rufe mu, yaro yana karkarwa yana kiran sunan Hajiya.

A nan wata dattijuwa, da kowa a rugar ke ce wa Dada, ta kama hannuna ta ce "munyal". Ba ta jin Hausa sosai, ni ma ba na jin Fulatanci, amma na gane haƙuri take ba ni. Ta lulluɓe shi da bargonta, ta ɗumama madara tana ba shi da ludayi kamar jariri. Kwana ta yi tana iza wuta a cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi. Da safe na miƙa mata kuɗi, ta ture hannuna, har ranta ya ɓaci. Dada, Allah Ya albarkaci garkenki, Ya raya miki jikoki, Ya shayar da ke daga Alkausara.

Ranka ya daɗe Jauro, na san ba ka son a faɗa, amma sai na faɗa. Kai ka tara maza takwas suka riƙa karɓa-karɓa, hawa da gangara, ruwan rafi har cinya, babu wanda ya yi tsaki. Ma'aikacin gandun dajin Gashaka-Gumti da ya raka mu, kafaɗarsa ta saluɓe bai ajiye sanda ba. 'Yan acaɓan Njawai da suka lallaɓa da shi cikin taɓo har Nguroje, da ma'aikatan asibiti a Gembu da suka karɓe mu cikin dare, Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya tsare ku a kan duwatsun nan, Ya jiƙan iyayenku. Amin summa amin.

'Yan uwa da suka yi ta addu'a da aiko da kuɗin mota, mun gode, Allah Ya bar zumunci. Akwai na jiki da muka sa rai ko "yaya mai jiki" za su turo, har yau shiru. Wataƙila uzuri ne ya riƙe su.

Bargon Dada yana wurina, Hajiya ta wanke shi da hannunta. Da zarar damina ta ɗauke, in Allah Ya yarda, da ƙafata zan mayar mata, tare da buhun gishirin shanu.