Abin da aikin haɗa kan jama'a a ƙauyukanmu ya koya min

Tun da na fara zagaya ƙauyukan Ringim da Taura a Jigawa muna haɗa matasa kan maganar zaɓe, abin da na gane shi ne manomi ba zai bar gonarsa ya zo mitin don ka yi masa dogon turanci ba. Amma ka ce masa za a yi maganar taki, ko burtsatsen da ta lalace tun bara, ko asibitin da mace ke zuwa haihuwa da dare babu ungozoma, wallahi zai zo har da maƙwabcinsa. Daga nan ne kake nuna masa cewa ƙuri'arsa da wannan burtsatsen abu ɗaya ne.

Kuma akwai ƙofar da ake shiga. Sai ka gaida mai unguwa, ka sanar da liman, ka zauna a majalisa ka sha shayi ana hira kafin ka buɗe bakinka, idan ka tsallake wannan toh an gama sa maka suna ɗan aiken wani ɗan siyasa. Mata kuwa ba a samunsu a dandali, malamar Islamiyya da uwar adashi su ne hanyarsu, kuma su ne ke cika layi ranar zaɓe. Da damina kar ma ka kira taro kafin la'asar.

Dattawa suna yawan tuna mana jam'iyyar NEPU. A 1950 aka kafa ta a Kano, su Malam Aminu Kano suka yi ta fama kan haraji da jangali, aka ɗaure mutane aka yi musu bulala, amma sai a 1979 gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke harajin da jangalin, lokacin Jigawa na cikin Kano. Kusan shekara talatin kenan fa. Wani tsoho ya ce min, ɗana ku kuna son a yi shuka yau a ci tuwo gobe.

Ranar zaɓe kuma kowa ya iya cewa a kasa a tsare a raka, aikin ne ba kowa ba. Ejan ɗin jam'iyya da ya wuni a rana bai karya ba shi ake fara saye, don haka abincinsa da ruwansa da cajin wayarsa a wuyanmu suke. Sai ya ga adadin da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, ta tantance, ya tsaya an ƙirga a gaban kowa, an cike EC8A, takardar sakamakon rumfar zaɓe, ya sa hannu ya karɓi kwafinsa ya ɗau hoto, sannan a bi akwatin har wurin tattara sakamako na mazaɓa, domin yawanci a tsakanin nan ne alƙaluma ke canja kama. Wanda ya ga yadda 'yan daba suka mamaye mazaɓar Gama a Kano a ƙarashen zaɓen gwamna na 2019 ya san ba wasa ba ne.

Zanga-zanga ita ce ta fi tsaya min a rai. A Janairun 2012 da fetur ya tashi daga naira 65 zuwa 141 akwai ƙungiyar ƙwadago a gaba, buƙata ɗaya ce kowa ya san ta, gwamnati ta sauko zuwa 97. Ta 1 ga Agustan 2024 yunwar gaskiya ce ta fito da mutane, amma babu wanda ya san na kusa da shi, ɓata-gari suka shiga aka fasa wurare, aka sa dokar hana fita a Kano da Jigawa, aka rasa rayuka, daga baya muka ga ƙananan yara suna faɗuwa a kotu a Abuja. Har yanzu abin yana min ciwo.

Shi ya sa yanzu ko sakatariyar ƙaramar hukuma za mu kai koke sai mun rubuta sunan duk mai zuwa, kowane mutum goma da jagoransu, mun sanar da DPO a rubuce, babu yaro babu mai sanda, takardar buƙatunmu tana hannun dattijo, kuma ba ma tashi sai an buga mata hatimin karɓa an faɗa mana ranar da za mu dawo jin amsa.