Godiya ga masu masaukinmu a tsibirin Gore

Assalamu alaikum. Malaman da suka je hutu Senegal sun dawo Maraɗi lafiya, alhamdu lillahi. A madadinsu muna miƙa godiya ga Baba mai gidan da ya sauke su a tsibirin Gore, da uwargida da ta ciyar da su shinkafa da kifi har suka manta da tuwo. Mun gode wa 'yan uwa da suka raka su da addu'a. Masu niyyar zuwa kuma, ga abin da Baba ya ce a faɗa muku.

Daga tashar jiragen ruwa ta Dakar ake tsallakawa, tafiyar kamar minti 20. A riƙe katin shaida, don kuɗin tikitin mazauna ƙasar daban, na sauran 'yan Afirka daban. Sefarmu ce suke kashewa, babu canji. Agogo dai a ja shi baya da awa ɗaya, kada a tada sallar asuba da sauran dare.

Gore ƙaramin wuri ne, tsawonsa kamar mita 900, kuma mota ba ta shiga. Kayanka a kanka, saboda haka a rage lodi. Jaka mai taya maƙalewa take yi cikin rairayi. Akwai masallaci da 'yan shaguna, amma cefane ya fi araha a Dakar.

Godiyarmu mafi girma ta tarihin da Baba ya zaga da su ya nuna ce. Gidan Bayi, wanda aka gina wajajen 1776, ya zama gidan tarihi a 1962, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa tsibirin cikin wuraren tarihin duniya a 1978. Ƙofarsa ta baya da ke fuskantar teku ita ake kira ƙofar da ba a dawowa. Masana na jayayya kan yawan bayin da suka bi ta nan, amma wanda ya tsaya cikin ɗakunan ƙasa masu duhu ba ya bukatar lissafi. Abin da ya fi taɓa malamai shi ne tsohon ginin lakwal ɗin horon malamai na William Ponty, inda Bubu Hama namu, marubuci kuma ɗan siyasar Nijar, ya yi karatu.

Sai a kula da teku. Kada a taka duwatsun bakin ruwa ba takalmi, akwai bushiyar teku, ƙayarta karyewa take yi cikin ƙafa, allura ba ta cire ta da sauƙi. Shirwa ma na wafce kifin da aka bari a fili. Mai son kallon tsuntsayen ruwa ya nemi kwalekwale daga Dakar zuwa tsibiran Madelen, ranar da teku ta kwanta.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa gida albarka. Kilishin da aka yi alkawari yana hanya.