Wuƙar Kawu a ƙarƙashin madubi

Kawuna maƙeri ne a Agege, da sifirin mota yake ƙera wuƙaƙe, mahautan Oko-Oba su saya. Watan jiya wani ya dawo masa da wuƙar da ta karye gida biyu a kan ƙashin bijimi. Kawu ya ce sharrin ƙarfe ne. Na roƙi guntun, na tafi da shi ɗakin gwajin makarantarmu da ke Akoka don in auna taurinsa.

Shirya ƙarfen ne ya fi cin rai. Na yanki ɗan mitsitsi, na dasa shi cikin roba, na yi ta gurza da takardar yashi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ya koma kamar madubi. Sau biyu aka ɗauke wuta, kai!

Awon kansa ba wuya. Na'urar tana da tsinken daiman mai siffar dala, kusurwarsa digiri 136, dabarar da Smith da Sandland suka fito da ita a kamfanin Vickers na Ingila a 1921. Na ɗora nauyin giram 300, tsinken ya danna ƙarfen na daƙiƙa 10, ya bar tabo mai kusurwa huɗu. Sai a leƙa madubin ƙara girma a auna tabon daga kusurwa zuwa kusurwa. Ƙaramin tabo, ƙarfe mai tauri. A bakin wuƙar tabon bai kai maikiron 30 ba, ko rabin kaurin gashin kai bai yi ba. Lissafin taurin ya haura 800 a ma'aunin Vickers. Na bi layi, tabo bayan tabo, har gadon bayanta, taurin bai sauka ba.

To, nan gizo ke saƙa. Ƙarfen da aka tsoma a ruwa yana jajir tauri yake yi, amma da gautsi kamar tangaran. Sai an sake ɗumama shi kaɗan ya saki jiki, ya iya jure duka. Ranar Kawu sauri yake, ana gab da Babbar Sallah, ya tsallake wannan.

Na kai masa hoton a waya, na rasa ta inda zan fara. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ɗigon ne ya tona ni?"

"Shi ne, Kawu."

Ya ɗauki magagari ya goga wa guntun, magagarin ya zame yana ƙara, bai ci komai ba. Ya ce, "Da ka tambaye ni, ai da ka huta da kuɗin mota zuwa Akoka." Ya miƙo min wata wuƙar, wai ita ma in gwada masa.