Fim ɗin da ya hana ni shan shayi

Daren jiya a fadarmu ta Bukoki, wani abokina ya kunna mana fim a salula, muka jingina ta da gwangwanin sukari. Babu jarumi mai ƙatuwar mota, babu rawa cikin lambu. Labarin wani ɗan ga-ruwa ne da mai gida ke bin sa kuɗin haya na wata uku.

Wuri ɗaya ne ya kama ni. Matarsa ta ɗora tukunya, ruwa zalla a ciki, tana ta gyara itace don yara su ɗauka tuwo na tafe, har barci ya kwashe su. Wallahi innata ta taɓa yi mana haka shekarar da aikin baba ya tsaya. Sai da na girma na gane. Shayina ya huce a hannu, na ce hayaƙin gawayi ne ya shige min ido. Ba wanda ya yarda.

Ina kallon finafinan Kano, ban ƙi su ba, amma na ƙoshi da falo mai kujerun alfarma. Mu 'yan Nijar da muka haifi mai shirya fim Umaru Ganda, wanda ya ɗauko babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1972, har yau gidan raya al'adu na Yamai na ɗauke da sunansa, me ya hana mu saita kyamara kan masu dako na kasuwar Katako?

Cajin salular ya ƙare kafin ƙarshe. Yau da la'asar zan bi abokin nawa gida in ga ko an kori ɗan ga-ruwan da iyalinsa.