Gidan renon karnuka: wane kare yake ƙaruwa, wane yake cutuwa

A manyan biranen Amurka da Ingila akwai sana'ar da ta zauna da gindinta, wato gidan renon karnuka. Mutum zai fita aiki da safe sai ya biya ya sauke karensa kamar yadda ake sauke yaro a makaranta, da yamma ya dawo ya ɗauka. A tsakanin nan karen yana sake a fili ko babban zaure tare da wasu karnuka, ma'aikata suna lura da su. A Abuja da Legas abin da aka fi sani shi ne ajiyar kwanaki a asibitocin dabbobi masu zaman kansu idan mai kare zai yi tafiya. Tambayar dai ɗaya ce a ko'ina: cuɗanya da wasu karnuka tana ƙara wa kare wani abu, ko kuɗi kawai ake zubarwa?

Tana ƙara wa wasu, tana ɓata wasu. Kuma mafi yawan alherin da ake jingina wa gidan reno, ana samunsa ne ko a rasa shi tun kafin kare ya cika wata huɗu, lokacin da bai ma isa a kai shi can ba.

Kwikwiyo yana da wani ɗan lokaci, daga kusan mako 3 zuwa mako 12 ko 14 da haihuwa, da ƙwaƙwalwarsa take karɓar sabon abu ba tare da tsoro mai yawa ba. Abin da ya gani a wannan lokaci cikin kwanciyar hankali, mutane ne, yara, awaki, ƙarar babur ko wasu karnuka, shi zai ɗauka a matsayin abin yau da kullum. John Paul Scott da John Fuller ne suka yi dogon bincike a kan wannan a cibiyar Jackson da ke Bar Harbor a jihar Maine ta Amurka, suka fitar da sakamakonsa a 1965. A wani gwaji na cibiyar da aka wallafa a 1961, an bar 'yan kwikwiyo a fili da iyayensu mata ba tare da hulɗa da mutum ba, ana ɗauko su a makonni daban-daban. Waɗanda ba a taɓa su ba har mako 14 sun ci gaba da gudun mutum, horo bai gyara su yadda ya kamata ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan ne ya sa bai dace a raba kwikwiyo da uwarsa da 'yan uwansa kafin mako 8 ba, ko da mai sayarwa yana gaggawa. A cikin kokawar da suke yi da juna yake koyon sassauta cizo: ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya daina wasan, gobe sai ya rage. Wanda aka ɗauke yana da mako 4 ko 5 bai samu wannan darasi ba, shi ne sau da yawa yake tasowa da baki mai zafi.

Matsalar ita ce lokacin sabo ya zo daidai da lokacin da garkuwar jikinsa ba ta kammala ba. Allurar rigakafi ta haɗin cututtuka, wadda ta ƙunshi fabo (cuta mai sa amai da zawon jini) da distemfa (mai sa zazzaɓi da tari, har ta taɓa ƙwaƙwalwa) da ciwon hanta, ana fara ta a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan mako 2 zuwa 4, ta ƙarshe ta faɗa a mako 16 ko bayansa. Ta haukar kare ana yi daga wata 3. Idan aka kulle shi har sai an gama allura, lokacin sabo ya wuce. Ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka, AVSAB, ta fitar da matsaya a 2008 cewa kwikwiyo zai iya fara haɗuwa da takwarorinsa tun yana mako 7 zuwa 8, muddin an yi masa allura ta farko da aƙalla kwana 7 kuma an ba shi maganin tsutsar ciki. A wurarenmu, inda karnuka da yawa ba su taɓa ganin allura ba, sai an ƙara taka-tsantsan a kan haka. Ƙwayar cutar fabo tana fita a kashin kare ta zauna a ƙasa watanni, takalmi ma yana kwaso ta. Don haka a haɗa shi da kare ɗaya ko biyu da aka tabbatar da katin allurarsu, a cikin gida, a kan daɓen siminti da aka wanke. Ruwan bilic na wankin kaya da ɗaki kashi 1 cikin ruwa kashi 30 yana kashe ƙwayar, idan an fara share ƙazantar kuma an bar shi minti 10 kafin a ɗauraye. Waje kuma a fita da shi a hannu ko a mota ya ga duniya, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Wani kuskure ya yi yawa a tsakanin masu karen gadi: a ɗaure kwikwiyo a bayan gida kada ya ga kowa, wai don ya yi zafi. Zafin da yake fitowa daga nan na tsoro ne. Irin wannan kare ba ya bambanta ɓarawo da baƙon da maigida ya shigo da shi ko almajirin da ya zo karɓar abinci, kuma ranar da ya tsinke sarƙa yaron gida zai iya zama wanda ya fara cizo. Dubi karnukan mafarauta, da suke tashi tare, suna fita daji garke guda. Sabawa da juna bai sa sun rasa zafin nama ba.

Wa gidan reno yake yi wa rana?

Matashin kare mai ƙarfi a jika, daga kusan wata 6 zuwa shekara 2, wanda dama yana son wasa da karnuka, mai shi kuma yana barinsa shi kaɗai awa 8 ko 10. Wannan zai samu motsa jiki, ya rage tauna takalma da tona rami da haushin banza. Ko shi ɗin ma, kwana 2 ko 3 a mako sun wadatar. Babban kare yana barcin awa 12 zuwa 14 a rana, kwikwiyo ya fi haka nesa, kuma wanda yake cikin hayaniya kullum ba ya samun wannan hutu.

Waɗanda ba ya yi wa rana sun fi yawa fiye da yadda masu sana'ar suke faɗa. Kare mai tsoron karnuka, idan aka jefa shi cikin karnuka 20 da sunan ya saba, sai ya lafe a lungu ya daina motsi. Ma'aikaci marar ƙwarewa zai ce ya natsu, alhali ya sare ne, kuma mako mai zuwa zai fara kai cizo tun kafin a matso shi, domin ya gano shi ne kaɗai abin da yake korar masa su. Tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi ba ya son a yi ta bangazarsa. Karyar da ta shiga lokacin barbara, abin da yake ɗaukar mako 2 zuwa 3, ba ta da wuri a cikin taro, ga faɗan da za ta jawo tsakanin maza, ga cikin da ba a shirya ba, ga kuma wani ƙari da yake fitowa a al'aura wanda karnuka suke ɗauka ta barbara, sananne a cikin karnukan da suke yawo sake. Gidajen reno da yawa a Amurka ba sa karɓar namijin da ba a fiɗiye ba idan ya balaga.

Akwai kuma sauyin da shekaru suke kawowa. Tsakanin shekara 1 da 3 kare yana kammala girma a halayya, da yawa a nan suke rage sha'awar wasa da kowa, su zaɓi abokai ƙalilan. Karen da yake murnar zuwa yana ɗan wata 8 zai iya fara gurnani yana ɗan shekara 2. Bai lalace ba, girma ya yi. Sai a canza masa tsari.

Shi kuwa karen da ba ya jure kaɗaici, mai kuka da yaga ƙofa da zarar an fita, gidan reno yana ɗauke masa wahalar ranar, amma ranar da aka bar shi a gida zai koma inda yake. Maganinsa horo ne na daban: a riƙa barinsa na daƙiƙoƙi, sannan mintuna, ana ƙarawa sannu a hankali.

Idan za a duba gida, Ingila ta ba da ma'auni mai kyau. Tun daga Oktoban 2018 doka ta wajabta wa gidan renon karnuka lasisi daga ƙaramar hukuma, kuma ƙa'idar ita ce ma'aikaci ɗaya kada ya wuce karnuka 10. A ganina ko goman nan ta yi yawa idan manyan karnuka ne irin Rotwaila da Jaman Shefad. Gidan kirki zai nemi katin allura kafin ya nemi kuɗi. Zai gwada sabon kare da kare ɗaya mai sanyin hali, sannan biyu, kafin ya shiga taro. Zai raba manya da ƙanana, domin ƙaramin kare idan ya ruga yana ƙara, babba yana iya ganinsa kamar zomo, ya cafke ya girgiza, abin daƙiƙa kaɗan ne. Zai sa lokacin hutu da rana, kowa a kejinsa. Zai cire abin wuya ko ya sa mai saurin kwancewa, saboda muƙamuƙin wani yana iya maƙalewa a ciki lokacin kokawa ya shaƙe ɗan uwansa. Ba ya zuba abinci ko ƙashi a tsakiyar taro. Gidan da ya hana ka ganin inda karnukan suke wuni, juya ka tafi.

Cuta tana bin taro ko da gidan yana da tsafta. Tarin da ake kira tarin keji, mai sauti kamar ƙashi ya maƙale a wuya, yana yaɗuwa ta numfashi. Akwai rigakafinsa ta hanci ko ta baki ko allura, tana rage tsanani amma ba ta hanawa gaba ɗaya, tunda ƙwayoyi da yawa ne suke kawo shi. A 2015 murar karnuka nau'in H3N2 ta ɓarke a Chicago, gidajen reno da na ajiya suna cikin wuraren da ta fi yaɗuwa. A ƙasashe masu zafi kaska ta fi wannan damuwa, tana ɓuya a tsagar bango da keji, tana ɗauke da cututtukan da suke shanye jinin kare. A duba cikin kunne da tsakanin yatsu duk ranar da ya dawo, ƙuma da ƙazuwa ma a sa musu ido. Zafi kuma ba abin wasa ba ne. Kare da haki yake fitar da zafin jiki, kuma cikin zumuɗin wasa bai san ya tsaya ba. A watannin Maris zuwa Mayu a gari irin Kano ko Sakkwato, guje-guje sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da inuwa da ruwa a kusa. Masu gajeren hanci irin buldog su ne suke fara faɗuwa.

Yadda ake gane wasa daga cin zali shi ne abin da ya fi dacewa mai kare ya iya. A wasan kirki jiki a sake yake, kare yana durƙusar da ƙafafun gaba ya ɗaga baya, ana karɓa-karɓa: wanda ya kora yanzu shi ake kora an jima, babba yana kwantawa da gangan don ƙarami ya hau shi. Suna tsayawa su kakkaɓe jiki su ci gaba. Gurnani a cikin wasa ba laifi ba ne. Abin tsoro shi ne jiki ya sandare, baki ya rufe, ido ya kafe, ɗaya ya ɗora haɓa a kafaɗar ɗaya, ko biyu da uku su taru a kan guda. Wanda ya takura zai riƙa lasar leɓe, yana hamma ba barci ba, wutsiya a matse, yana neman bayan mutum. In ana shakka, a riƙe mai korar na ɗan lokaci. Idan wanda ake kora ya dawo da kansa yana neman wasa, a sake su. Idan ya yi nisa ya samu wuri ya zauna, dama neman tsira yake yi.

Bayan an dawo gida ma akwai shaida. Gajiya da barci abu ne da aka sa rai. Amma zawo, ƙin abinci, sabon haushi ga karnuka a hanya, ko turjewa a ƙofar gidan renon da safe, duk suna nuna wurin bai karɓe shi ba.

Mafi yawan karnuka aboki ɗaya ko biyu ya ishe su, kuma ana iya haɗa wannan ba tare da biyan kowa ba. A haɗu a wurin da ba gidan ɗayansu ba, kowane kare da mai riƙe igiyarsa. A fara tafiya gefe da gefe, fuska ɗaya, da tazarar mita 8 zuwa 10, ana ragewa idan duka biyun suna iya kau da kai su shinshina ƙasa. Igiya ta kasance sako-sako, domin jan ta da ƙarfi yana ɗaga gaban kare ya ba shi siffar mai neman faɗa. Shinshinar farko daƙiƙa 3, a kira su a ci gaba da tafiya, a sake maimaitawa. Sai an yi haka sau biyu ko uku a ranaku daban-daban sannan a sake su a fili mai katanga, minti 10 zuwa 15 da farko. Karen da ya taɓa cizo a sa masa takunkumi irin mai raga wanda zai iya haki a ciki, bayan an saba masa da shi a gida.

Idan faɗa ya kaure, kada hannu ya je kusa da kai ko wuya, a nan ake samun mafi munin cizo, har daga karen mutum na kansa. A watsa musu bokitin ruwa, ko a sa faifan katako a tsakani, ko mutum biyu kowa ya kama ƙafafun baya na ɗaya ya ja da baya yana kewayawa. A raba su ɗaki daban, a buɗe gashi a duba, saboda hudar haƙori ƙarama ce a sama amma tana yin ɓarna a ƙarƙashin fata, kwana biyu sai ta kumbura ta tara mugunya. Mutumin da aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, karen da ya yi cizon kuma a killace shi a sa masa ido kwana 10.