Wata huɗu a kan babur mai silinda biyu, har yanzu hannun damana nake koya wa hankali

Ranar da na fara hawa Yamaha R7 ɗina ban yi tafiyar mita hamsin ba na gane cewa duk shekarun da na yi ina hawa ƙaramin babur mai silinda ɗaya ba su shirya ni ba. Na saki kuloch, na murɗa totur daidai yadda hannuna ya saba murɗa na ƙaramin, kawai sai na ji babur ya fizge ni kamar an ja shi da igiya daga gaba. Tsoro ya sa na saki totur ɗin gaba ɗaya lokaci guda, shi kuma ya turje nan take, cikina ya bugi tanki, hular kwano ta yi gaba. Ban faɗi ba alhamdulillahi, amma na samu gefen titi na tsaya, na kashe inji, na zauna ina jin zuciyata tana dukan uku-uku. Wallahi a ranar har na fara tunanin ko na yi kuskuren saye.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne inji mai silinda biyu ba ya jira. Ƙaramin babur sai ka matsa masa, ka murɗe totur har ƙarshe sannan ya ba ka abin da yake da shi, don haka hannu ya saba da murɗa da yawa ba tare da wani abu ya faru ba. Masu silinda huɗu irin su Yamaha R6 kuma suna da ƙarfi fiye da nawa nesa ba kusa ba, amma ƙarfin nasu yana can sama, sai allurar da take nuna juyin inji ta haura juyi 10,000 a minti sannan suke farkawa sosai, a ƙasa lafiya lau suke tafiya sumul. Shi kuwa mai biyu tun daga ƙasa yake ba ka. Injin R7 cc 689 ne, ƙarfin dokinsa wajen 73, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne a cikin baburan tsere, amma ƙarfin jansa yana kai ƙololuwa ne a juyi 6,500 kacal, kuma tun kafin ka kai nan ɗin ma ya riga ya cika maka hannu. Wato daidai inda mutum yake yawan tuƙi a titi, nan ƙarfin yake zaune yana jiranka.

Na ɗau lokaci ina karatu a kan me ya sa sautinsa da bugunsa suka bambanta, kuma abin ya burge ni sosai. Fistin biyu ne a jere, amma karanshaf ɗin, wato sandar da fistin suke juyawa, an karkata shi digiri 270, to wuta ba ta tashi a tazara ɗaya, silinda ɗaya ya buga, bayan digiri 270 ɗayan ya buga, sai a yi dogon jira na digiri 450 kafin a sake zagayowa. Shi ya sa kake jin wannan dum-dum, dum-dum mai ɗan ɗingishi, irin na injin V mai kusurwa 90 kamar na Suzuki SV650 ko na Ducati. Yamaha sun fara wannan tsarin tun tsakiyar shekarun 1990 a kan TRX850, yanzu kuma kusan kowa ya bi, har Aprilia RS 660 haka yake. Kawasaki Ninja 650 shi nasa digiri 180 ne, na ɗan hau na wani abokina, sautin daban, karkarwar da kake ji a hannu da ƙafa ma daban. Ni dai na 270 ɗin ya fi kwanta min a rai, kana jin kowane bugu yana sauka a tayar baya kamar injin yana maka magana.

To amma bugun nan da nake yabo shi ne ya fi wahalar da ni a tafiyar sannu. Idan kana giya ta uku ko ta huɗu ka bari juyi ya sauka ƙasa da 3,000, sai babur ya fara tsuma yana fizga, sarƙa tana kaɗawa, kai kuma kana ta gyangyaɗi a kai. Satin farko na ɗauka wani abu ne ya lalace. Ashe ba komai, injin ne kawai ba ya son a shaƙe shi, ka sauko giya ɗaya sai ya dawo daidai. A cunkoso kuwa kuloch ne abokinka, ba a sakinsa duka ba a kama shi duka, yana nan tsakiya kana wasa da shi da yatsu, ƙafar dama kuma tana ɗan taɓa birkin baya don babur ya natsu.

Babban darasin dai a kan sakin totur ne, kuma a nan na kusa jin jiki. A ƙaramin babur idan ka saki totur sai ya ci gaba da gangarawa a hankali. A wannan kuwa sakin totur birki ne, birki na gaske, musamman a giya ta ɗaya da ta biyu, saboda manyan fistin biyun nan suna riƙe tayar baya da ƙarfi. Da na gano haka sai na ji daɗi, na koma rage gudu da inji kawai, in sauko giya in saki totur, ba na ko taɓa birki sai na zo dab da tsayawa. Wata rana da yamma ina tunkarar danja, ta nuna ja, na sauko daga ta huɗu zuwa ta uku zuwa ta biyu kamar yadda na saba, sai na ji ƙiiii a bayana, ƙarar taya a kan kwalta. Na dubi madubi, hancin wata farar mota ya cika madubin gaba ɗaya, ina iya ganin hannun direban biyu sun ƙanƙame sitiyari. Bai taɓa ni ba, amma tsakaninmu bai kai kamu biyu ba. Kuma ba laifinsa ba ne, don duk wannan rage gudun da na yi fitilar birkina ba ta kama ba ko sau ɗaya, shi bai ga alamar komai ba sai da ya ga ya cim mini. Tun daga ranar ko da inji zan rage gudu sai na ɗan dafa birki don jar fitilar nan ta kama, kuma idona na kan madubi duk lokacin da zan tsaya.

Sauko da giya ma sai da na sake koyo. Idan ka sauko ka saki kuloch da garaje alhali juyin inji yana ƙasa, tayar baya tana iya yin tsalle ko ta ɗan zame. R7 yana da kuloch mai zamewa da aka yi don rage wannan, kuma yana taimakawa ƙwarai, amma ban so in dogara da shi kaɗai ba. Dabarar ita ce ka kama kuloch, ka ɗan watsa wa inji wuta kaɗan, fuu, ka sauko giya ka saki a hankali, sai juyin inji ya haɗu da gudun taya ba tare da wani girgiza ba. Na fi sati uku ina kwafsawa, yau wutar ta yi yawa gobe ta yi kaɗan, amma ranar da ta fara faɗa min daidai sau uku a jere na ji wani daɗi da ban san yadda zan kwatanta ba.

Sai zancen jiki. Hannun babur ɗin yana ƙasa, wurin sa ƙafa yana baya kuma sama, kujera tsayin milimita 835, kana kife ne a kan tanki. Bayan minti talatin wuyan hannuna ya fara zafi, yatsu biyu na dama su yi sanyi kamar ba nawa ba, wuya kuma ya ƙage saboda ɗaga kai. Wani dattijo da muke fita tare, ya fi shekara ashirin yana hawa manyan babura, ya bi bayana wata rana, da muka tsaya ya cire hula ya ce min, "Ƙanena, kai babur kake tuƙawa ko turmi ka rungumo? Duk nauyinka ka ɗora wa hannu." Na ce, "Yaya, to ina zan sa nauyin?" Ya buga gefen tankin da tafinsa ya ce nan, gwiwa ce take riƙe babur, ciki da baya su ɗauki gangar jiki, hannu aikinsa totur da birki da kuloch kawai. Ya ce in gwada, ina cikin tafiya in kaɗa gwiwar hannuna sama da ƙasa, in ta ƙi kaɗuwa to na sandare.

Wannan maganar ita ta warware min kusan komai, har matsalar totur ɗin. Ashe fizgar da nake sha rabinta daga nan take, saboda in nauyinka yana kan wuyan hannu, duk ɗan ramin da ka faɗa sai hannun ya motsa, totur ya motsa, inji mai amsawa da wuri kuma ya amsa, kai kuma ka ƙara ƙanƙamewa, abu ya yi ta zagayawa. Da na matse tanki da cinya na sassauta riƙo, sai hannun dama ya samu sukunin murɗawa kaɗan-kaɗan, yatsun ma suka daina mutuwa don karkarwar inji ba ta shiga hannun da bai damƙe ba kamar yadda take shiga wanda ya damƙe. Satin farko cinyoyina da ƙasan bayana sun yi tsami, daga baya suka saba.

A kwana kuma na koyi cewa duk rage gudu da canjin giya a gama su tun kafin a shiga. Kana shiga, ka tura hannun ɓangaren da za ka, dama in dama za ka, babur ya kwanta da kansa, idonka can inda kwanar take fita ba a kan tayar gaba ba, totur kuma a riƙe shi daram sannan a dinga ƙarawa sannu a hankali. Abin da ba a yi shi ne sakin totur farat ɗaya a tsakiyar kwana, don birkin injin nan zai jefa nauyi gaba ya ɓata maka layi. A nan ne mai silinda biyu yake biyan ka wahalarka, giya ɗaya ta ishe ka kwanoni da yawa, ka fito ka ba shi wuta ya ɗauke ka ba sai ka yi ta neman giya ba. Birkin gaba kuwa faifai biyu ne, yatsu biyu sun isa, a fara da laushi sannan a matsa, akwai ABS mai hana taya kullewa in an matse birki, amma ban taɓa so in kai inda zai shigo ba. Da safe ma ba na kwantar da shi sai taya ta ɗau zafi.

Zafin inji a cunkoso yana nan, fankar lagireto ta tashi ta huro maka iska mai ɗumi a ƙafa, wannan ba maganinsa sai haƙuri da dogon wando mai kauri. Sarƙa kuma ina duba ta ina sa mata mai akai-akai fiye da da.

Abin da ya rage min yanzu juyawa ne a ƙuntataccen titi, musamman ta dama. Kan babur ɗin ba ya juyuwa sosai, in ka kai shi ƙarshe babban yatsanka yana kusan matsuwa da tanki, kuma daidai nan hannun totur yake takurewa, ga nauyin kilo 188 yana son kwanciya ciki. Ta hagu ina yi ba tare da sa ƙafa ba, ta dama kuwa cikin biyar sau biyu ko uku nake ci. Ranar Asabar da sassafe zan koma filin nan da ba kowa, in jera robobin ruwa guda shida, giya ta ɗaya, kuloch a tsakiya, ƙafa a kan birkin baya, kai a juye ina kallon inda zan je, in yi ta zagaye har sai fankar ta tashi sannan in huta in sake.