Wasiƙa zuwa kanikawan Apo: yatsa ba ya auna baƙin mai

Assalamu alaikum iyayen gidanmu na Apo da Kugbo, da matasan Abuja masu motocin da aka taɓa wa inji. Muna gaishe ku daga Jamus, da fatan sana'a na tafiya lafiya.

Maganar baƙin mai ce ta sa muka rubuto. Injinan da aka sauya wa fasali sun yi yawa yanzu: wanda aka ƙara wa tobo, wanda aka taɓa wa buren bos, wato kwamfutar inji, don ya ƙara gudu, wanda aka faɗaɗa wa silinda aka sa manyan fiston, ga kuma motocin da aka mayar kan gas na CNG tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Duk sun fita daga lissafin littafin kamfani. Amma har yau sai a zaro sandar gwaji, a murza mai a yatsa, a ce ya yi ruwa, zuba mai kauri, 20W-50. Yatsa ba ya jin fetur kashi 3 cikin 100 a cikin mai. Ɗakin gwaji, irin wanda masu manyan janareto ke kai wa samfur, shi ke gani.

Ga yadda ake ɗaukar samfur: a tuƙa motar kamar minti 20 ta ɗauki zafi. A kwance notin juye mai, a bar man farko ya zube don shi ke kwaso dattin ƙasa, a tari na tsakiya kamar mililita 100 a sabuwar kwalba busasshiya, ba gorar da aka sha lemo ba. A rubuta kilomitar da man ya yi, sunansa, da yawan cikon da aka yi. A haɗa da samfurin sabon mai daga galan ɗin da aka zuba. Wannan ya fi muhimmanci a gida fiye da nan, domin jabun mai ya cika kasuwa, kuma takardar sakamako za ta nuna ko abin da ke cikin galan ya dace da rubutun jikinsa.

Idan sakamako ya fito, kowa kan layin ƙarafa yake fara kai ido. Mu a ƙarshe muke duba shi. Fara da abin da ya kutso cikin man.

Na farko ƙura. Alamarta a takarda Si, wato silikon, kuma takan zo da ɗan Al, wato alminiyam. Idan ta haura ta sabon mai da kamar 20 ppm (kashi 20 cikin miliyan), ga Fe da Cr, wato baƙin ƙarfe da kuromiyam, suna tashi tare da ita, to inji na shaƙar ƙasa: iyakilina, wato filtar iska, ta yage, ko roba ta tsage bayanta, ko an sa buɗaɗɗiyar filtar nan ta ado da samari ke so. A hunturun Abuja irin wannan filta takan cinye ringi cikin 'yan watanni. Amma idan Si ta hau ita kaɗai bayan an haɗa inji, yawanci gam ɗin gaskit ne, zai sauka bayan juye biyu ko uku.

Sai fetur. Kashi 2 cikin 100 a fara bincike, ya kai 4 ko 5 a juye nan take. Nozul mai ɗiga na kawo shi, da buren bos da aka sa ya riƙa kwararo mai, da tsayuwar sa'o'i a cunkoson Nyanya da Mararraba. Akwai sanadi na huɗu wanda namu ne: cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji. Injin da ba ya kai zafinsa ba ya ƙafar da fetur ɗin da ya gangara cikin mai. A mayar da tamostat, don Allah.

Ruwan lagireto kuwa, littattafan nan Jamus na cewa a duba layukan Na da K, wato sodiyam da fotasiyam, don suna cikin ruwan sanyaya inji mai launi. To mu da yawanmu ruwan famfo muke zubawa, saboda haka gaskit na iya yoyo waɗannan layuka biyu su yi shiru. A duba layin ruwa kansa: ya wuce kashi 0.2 cikin 100, a gwada gaskit.

Daga nan kauri, wanda ake aunawa a zafin digiri 100. Mai lamba 30 (lambar da ke bayan W a jikin galan) yana tsakanin 9.3 da 12.5 cSt, wato ma'aunin kauri, mai 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai 50 daga 16.3 zuwa 21.9. Ka zuba 5W-40 ya dawo 11, babu fetur a ciki, to tobo da zafi sun sassabe shi, bai iya da injinka ba. Idan ƙaruwa ya yi, ya dahu ne. Wannan shi ne tarkon masu CNG: gas ba ya baƙanta mai, sai maigida ya gan shi garau ya ƙara masa wata uku, alhali zafi ya riga ya cinye maganinsa. A duba TBN, wato ƙarfin da ya rage masa na kashe asid. Sabon mai yakan fara daga 7 zuwa 10. Ya sauko kusa da 3, ya gama aiki komai kyan launinsa.

Yanzu ƙarafa. Fe daga silinda, karanshaf, kamshaf da sarƙar tayimin. Cr daga ringi, Al daga fiston. Jan ƙarfe da dalma da kuza, wato Cu da Pb da Sn, daga metal, wato matashin da karanshaf ke juyawa a kansa. Lamba guda ba ta yanke hukunci. Fe 30 a kilomita 10,000 ya fi Fe 20 a kilomita 3,000 kwanciyar hankali. Raba ka ga nawa ne a kowace dubu, ka kwatanta da gwajin baya na wannan injin dai. Sabon haɗi dole ya zubar da ƙarfe da yawa a juyen farko, sabuwar kular mai, wadda ke sanyaya shi, ita ma takan saki Cu. Abin tsoro shi ne Pb da Cu su yi ta hawa gwaji bayan gwaji. A injin da aka ƙara wa ƙarfi, sau da yawa ƙwanƙwasa ce ke dukan metal, daga tayimin da aka matsa ko fetur mara kyau, kuma babu man da ke maganin wannan. Sannan na'urar ɗakin gwaji ƙananan ɓurɓushi kawai take gani. Injin da ke zubar da manya na iya fitowa da takarda mai kyau, shi ya sa ake yanka filtar mai a baje takardarta a rana.

Zaɓen mai kuma daga ratar metal yake farawa. Injin da ratarsa ke kusa da milimita 0.04 zuwa 0.05, lamba 30 ko 40 ce tasa. Wanda aka haɗa da sako-sako, 0.07 zuwa sama, shi ke neman 50. Zuba 20W-50 a injin VVT-i ko VTEC mai matsattsiyar rata na jinkirta isar mai tobo da kan inji da safe, ya kuma dagula tayimin. A sa geji biyu, na zafin mai da na matsinsa. Digiri 90 zuwa 110 lafiya lau. Idan yana zama sama da 120 a Hawan Kibo da kaya, kula ake nema kafin a yi maganar kauri, don kowane ƙarin digiri 10 kusan ninka saurin lalacewar mai yake yi. Matsi kuwa, tsohon lissafin kanikawa shi ne kamar psi 10 a kowane juyi 1,000, inji na da zafi.

Ga tobo da tuƙi mai zafi, nemi mai ɗauke da shaidar inganci ta ACEA A3/B4 a jikin galan, wanda ba ya tsinkewa da sauƙi a digiri 150. Inji mai tobo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda yana son API SP, matakin ingancin mai da ya fito a 2020, don yana rage tashin wuta kafin lokaci da ke fasa fiston. Tsohon inji mai kamshaf da ke guga kai tsaye, an kuma sa masa sifirin bawul masu tauri, yana son Zn da P, wato zinki da fosforas masu hana guguwar ƙarfe cinye shi, sama da 1,000 ppm, alhali siraran mayukan zamani an tsayar musu da P a 800 don kare kataliza, wadda kuke kira indomi. A sayi man da aka haɗa da hakan tun daga kamfani, kada a tsiyaya kwalbar ƙari a kai. Gwajin farko na sabon zaɓi a yi shi a kilomita 3,000. Sai takarda biyu a jere sun yi kyau sannan a ƙara tazara.

A gaida yaran gareji. Wassalam.

'Yan'uwanku masu aikin inji a Jamus